Aikin SV650 ɗina da dokokin hawa babur a cikin bariki

8 ga Maris, 2025

To jama'a, na ce bari in riƙa ajiye bayanin aikin nan da kwanan wata, ko wani cikin 'yan uwa masu kaki a nan Amurka zai sayi babur na hannu ya san abin da zai tarar. Babur ɗin Suzuki SV650 ne ƙirar 2006, wanda ba shi da rigar roba a gaba, silinda biyu, 645cc, kuma tunda daga 2003 suka bar kafireto suka koma injekta, ban da ciwon kan wanke kafireto kenan. Injin kam lafiyarshi lau, buga ɗaya yake tashi, ba hayaƙi ba ɗigar mai.

Matsalar tana wajen kwalliyar da mai shi na baya ya yi mishi. Ya cire salansar kamfani ya sa wata gajera da ya zare mata hanji, in ka tayar da shi sai ka rantse injin niƙa aka kunna. Madubi ɗaya ne tak, ɗan mitsitsi a ƙarshen hannun hagu. Ya yanke jelar baya ya cusa lamba can ƙarƙashin kujera a karkace, ya haɗe tirafiketa da jar fitilar birki waje guda, ya ɓamɓare duk rifilektocin gefe, sannan ya zagaye ƙasan tanki da shuɗiyar fitilar LED. Shi dai farar hula ne, a gari yake yawonshi. Ni kuma kullum sai na bi ta get ɗin bariki, to kusan duk abin da ya yi sai na warware kafin in fara nawa gyaran.

A bayan a-kori-kurar wani abokina muka ɗauko shi, don har yanzu ban da izinin hawa. Dokar sojan ƙasa ita ce ba ka hawa babur sai ka yi kwas, ko da a wajen bariki ne, ko da kana hutu.

15 ga Maris

Na zauna da sajen da ke kula da masu babur a rukuninmu, kowane rukuni akwai irinshi. Mutum ne dattijo, ba ya ɗaga murya, amma ya zagaya babur ɗin a hotunan wayata yana ta girgiza kai. Ya ce min, yaro, wannan ko ƙofar farko ba zai wuce ba. Na ce Saje ai shi ya sa na zo tun kafin in kashe ko sisi.

Tushen dokar wata takarda ce ta ma'aikatar tsaro, DoDI 6055.04, mu kuma sojan ƙasa muna da tamu a kai, AR 385-10, sannan kowane bariki kwamandanshi na iya ƙara nashi sharaɗin amma ba zai iya ragewa ba. Kayan jiki dai ga su: hular kwano mai tambarin DOT na ma'aikatar sufuri ta Amurka, wato wadda ta cika ma'aunin FMVSS 218, kuma a ɗaure ta a haɓa ba a ɗora ta kawai ba. Kariyar ido, ko gilashin hular ko tabarau mai ma'aunin ƙwari na ANSI Z87.1, kuma gilashin gaban babur ba ya shiga lissafi komai tsawonshi. Riga mai dogon hannu, dogon wando, safar hannu mai rufe yatsu duka, da takalmi mai ƙwari da ya rufe idon sawu. A jikin babur kuma madubi biyu hagu da dama, fitilar gaba a kunne dare da rana.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne farar hula da ke aiki a bariki in ya fita get ya koma ƙarƙashin dokar jiha kawai, amma soja dokar nan bin shi take duk inda ya je. Akwai jihohin da babba zai iya hawa ba hular kwano, to wannan sassaucin bai shafe mu ba. In ka faɗi ba ka sanye da kayan, za a duba haka lokacin binciken ko raunin ya same ka ne bisa ƙa'idar aiki, kuma kwamanda na iya kama ka da ƙin bin umarni ƙarƙashin sashe na 92 na dokar soja. Saje ya rubuta min duk wannan a fom DA 4856 na sa hannu.

Na tambaye shi maganar falmaran mai ƙyalli da ake ta gardama a kai. Ya ce takardar ma'aikatar tsaro ƙarfafa gwiwa kawai take a sa kaya masu haske, amma wasu barikokin sun mayar da shi dole, saboda haka in zan je wani bariki in jefa ɗaya a jaka. Shawara ce mai arha, na ɗauka.

23 ga Maris

An gama kwas ɗin farko, Basic RiderCourse na MSF, gidauniyar da ke koyar da hawan babur lafiya, kyauta ne ga soja kuma su ke ba da ƙananan babura, ba sai ka zo da naka ba. Kati ya fito, na kai ofishin lasisi na jiha an ƙara min izinin babur a lasin ɗina, na biya inshora. Amma fa ba a gama ba, cikin wata 12 dole in yi kwas na biyu kuma wannan da babur ɗinka za ka je, daga nan duk shekara 5 a sabunta, in kuma aka tura ka aiki waje fiye da kwana 180 sai ka yi na tuni kafin ka sake hawa.

Abin da ya fi min amfani a aikin nan shi ne takardar duba babur da suke kira T-CLOCS: taya, abubuwan sarrafawa, fitilu, mai, gangar jiki, sitan. Ita saje zai riƙe ranar da zai duba nawa, to ita na mayar jadawalin aiki.

29 ga Maris

Ba a yarda ka kwance mota ko babur a filin fakin na masaukin sojoji ba, ko juyen baƙin mai ba a so, saboda haka na kai shi garejin MWR, wato sashen walwalar sojoji, da ke cikin bariki inda ake hayar waje da kayan aiki da awa, akwai makanikai da za ka tambaya, kuma suna karɓar tsohon mai.

Taya na fara dubawa. A ido zanensu da sauran kauri, mai sayarwa ma da wannan ya yi ta tallata min. Amma in ka duba gefen taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, ta baya an rubuta 2314, wato mako na 23 a 2014, taya mai kusan shekara goma sha ɗaya kenan, na danna farce a jikinta ko alama bai yi ba, ga ƙananan tsaga a cikin zanen. Na yi odar sababbi a girman da kamfani ya ce, 120/60 ta gaba, 160/60 ta baya, duka a wili 17. Akwai masu cusa 180 a baya don ta yi faɗi a hoto, ni ban ga dalili ba, wilin ba a yi shi don ita ba, matse ta zai yi ya ɓata siffarta babur ya riƙa gardama a kwana.

Sarƙa kuma wasu gaɓoɓin sun ƙage, haƙoran sufuroket na gaba sun fara lanƙwasa gefe ɗaya. Za a canza duka ukun tare, sarƙa 525, haƙori 15 gaba 45 baya yadda ya zo. Man birki ya koma kalar ƙasa, alhali littafin babur ɗin ya ce duk shekara 2 a canza, tiyon birki kuma duk shekara 4, kuma na tabbata waɗannan tiyon tun na 2006 ne.

5 ga Afrilu

Yau wayarin, kuma yau ne na yi wa mai shi na baya addu'ar shiriya. Da na ɗaga kujera na warware baƙin salatif ɗin da ya naɗe wayoyin jela da shi, sai ga wayoyi a murɗe da hannu kawai, ba dalma ba komai, ɗaya ta yi kore saboda ruwa, shuɗiyar fitilar nan kuma kai tsaye ya ja ta daga kan batir ba fiyus a tsakani, wayar ta bi ta gefen firam har ta fara gogewa robarta ta yi siriri, saura kaɗan ta taɓa ƙarfe. Na cire ta gaba ɗaya na jefa a kwandon shara. Ko ba don haɗarin wuta ba, shuɗi da ja kalar jami'an tsaro ce, 'yan sandan soja ba sa wasa da wannan.

Jelar baya na samo wadda ta fi ta kamfani gajarta amma tana riƙe lamba a miƙe inda za a karanta, da farar fitilarta a sama da jan rifilekta. Tirafiketa na raba su da fitilar birki. Ma'aunin tarayya na fitilu, FMVSS 108, ya ce na baya su kai tazarar inci 9 tsakaninsu, na gaba inci 16, kuma in ka tsaya bayan babur mai haɗaɗɗiyar fitila da rana za ka gane dalili, kana taka birki jan ya haɗiye ruwan ɗorawar, mai mota na bayanka ba zai san ina ka nufa ba.

Sababbin na LED ne, to da na haɗa sai suka kama ƙyaftawa da sauri tunda ba sa jan wuta kamar ƙwan da, rilen ya ɗauka ƙwai ya mutu. Hanya biyu ce, ko ka ƙara resista ko ka canza rile. Resista zafi take yi kuma ta cinye wutar da ka ce kana adanawa, sai na zaɓi rile. Amma a kula, a Suzuki na wannan zamanin rilen tirafiketa haɗe yake da na sitan ɗin gefe a akwati ɗaya mai ƙafa 7, shi ne ke kashe inji in ka sa giya sitan na ƙasa, saboda haka irinshi za ka nema ba kowane mai ƙafa biyu ba. Na gwada bayan na sa, sitan a ƙasa na taka giya ɗaya inji ya mutu, daidai kenan.

Madubai biyu sun hau, irin na kamfani, ba su da kyan gani amma ina hango bayana.

12 ga Afrilu

Ba wani aiki sosai, muna atisaye duk makon. Tayu da sarƙa dai sun hau, laushin sarƙa na bar shi tsakanin milimita 20 da 30, iskar taya psi 33 gaba 36 baya. Na samu wani da ya ajiye salansar kamfani ta irin babur ɗin a garejinshi tun da ya cire ta, ya ce in zo in ɗauka in rage mishi kaya.

19 ga Afrilu

Salansa ta hau, kuma nan ne zan ɗan tsaya don shi ne abin da aka fi yi min surutu a kai, abokai na cewa na kashe wa babur murya. In ka juya salansar kamfani za ka ga rubutu a tone a jikin ƙarfen yana cewa ta cika ƙa'idar ƙara ta hukumar kare muhalli EPA, kuma ƙa'idar nan desibel 80 ce ga baburan titi tun daga ƙirar 1986. Wadda na cire ba ta da wannan, abin da ke jikinta shi ne don filin tsere kawai aka yi ta. A gari wataƙila ka yi shekara ba wanda ya tsayar da kai, ya danganta da jihar, Kalifoniya misali ta wajabta tambarin a kan baburan da aka ƙera daga 2013. Amma bariki ƙaramin waje ne, gidajen iyali na nan, makarantar yara na nan, masu aikin dare na barci da rana, kuma mutumin da ka tayar da asuba zai iya zama shi ne mai sa hannu a takardar hutunka. Dokar titin jiha ma tana aiki a cikin bariki ta hanyar dokar tarayya, ga dokar kwamanda a kai.

Masu cewa ƙara na ceton rai, na ji, amma ƙarar baya take tafiya, shi kuma mai motar da zai yanko maka kwana a gabanka yake, gilashi a rufe rediyo na yi. Ni na fi yarda da fitila mai kyau da hon mai ƙarfi, kuma duka biyun ba wanda zai tsayar da kai a get saboda su.

Aikin kanshi ya ɗan ba da wuya don na ƙirar nan bututun a haɗe yake da tukunyar, mai shi na baya yanka ya yi, to sai da na sauke duka tun daga bakin silinda, notin silindar baya kuma a lungu yake, na jiƙa shi da man sassauta tsatsa na bar shi ya kwana. Gasket sababbi. Nauyi ya ƙaru kam, ana ji in kana tura shi, amma a ƙananan giya ya daina wannan fizgar da tari da yake yi in ka saki totur.

28 ga Afrilu

Saje ya duba shi da takardar T-CLOCS a hannu, ya matsa birki, ya kunna kowace fitila, ya girgiza wili, ya leƙa lamba, abu ɗaya ya rubuta, shokazoban gaba na hagu na tsatsafar mai. Ya ce in gyara kafin ƙarshen wata mai zuwa, ya sa hannu.

Shiga get da babur sai ka shirya tun daga gida. Katin shaida in yana cikin walat a aljihun baya, ga safar hannu, ga layin motoci a bayanka da safe, za ka sha harara. Na sayi ɗan aljihu mai roba da ake ɗaurawa a dantse, mai gadi ya sa na'urarshi ya karanta ba sai na cire komai ba, in ɗaga gilashin hula ya ga fuska, wani ma sai ya ce a cire hular gaba ɗaya musamman in an ɗaga matakin tsaro. Lasin, rajista, inshora da katin MSF suna cikin leda ƙarƙashin kujera don ana iya ware ka gefe a yi bincike kowane lokaci. Sannan daidai inda ake tsayawa a get tsakiyar layin duk ɗigon man motoci ne, in an yi yayyafi santsi yake, a gefen sawun taya nake tsayawa in sauke ƙafa.

A ciki kuma gudu ba naka ba ne. In za ka wuce sojoji a jere, mil 10 a awa, da sassafe lokacin motsa jiki wasu titunan a rufe suke ɗungurungum. Ratsawa tsakanin motoci babu, kowa ya bi layi. Ƙarfe biyar na yamma in aka busa bigilar sauke tuta duk abin hawa tsayawa yake, a namu barikin ka kafe babur ka sauka ka fuskanci tuta ka sara. Tikitin 'yan sandan soja, fom DD 1408, ba kuɗi ake biya ba amma maki ne, kuma kwafi na zuwa wajen kwamandanka. Wuce ƙa'idar gudu da mil 1 zuwa 10 maki 3 ne, in ya haura 20 maki 6, wanda ya tara 12 cikin wata 12 ko 18 cikin wata 24 an karɓe mishi izinin tuƙi a bariki, sai dai ya riƙa roƙon lif zuwa aiki.

17 ga Mayu

Sai yanzu na fara gyaran da ni na so. Tunda dole in buɗe shokazoban gaba saboda sil, wato robar da ke tare mai, sai na haɗa da canza sifirin. Na SV mai sauƙin gini ne, milimita 41, kuma an yi shi ne don matsakaicin mutum, ni da nauyina da kaya in na damƙi birki sai gaban ya nutse sosai. Man da ya fito toka-toka ne yana wari, na hagu ma bai kai rabin na dama ba. Na wanke, na bi bututun da yatsa na ji wani ɗan ƙurji da dutse ya yi, shi ne ya yanka sil ɗin, na goge shi a hankali da takardar yashi mai laushi har ya daina kama farce, in ba haka ba sabon sil ɗin ma kwanan nan zai bi na da. Sifirin daidai nauyina, sabon mai, sannan abokina ya riƙe min babur muka auna yadda yake zama in na hau da cikakkun kaya, muka yanka sifesa, bututun da ke danne sifirin, har nutsewar ta tsaya wajen milimita 35.

Tiyon birki na sa masu saƙar ƙarfe, na tabbatar akwai tambarin DOT a jikinsu, sabon mai DOT 4, na yi ta fitar da iska har hannun birki ya yi tauri. Wallahi bambancin da wannan ya kawo ya fi duk wata kwalliya, kuma ba wanda zai kalli babur ɗin ya san an taɓa shi. Yanzu in na taka a mahaɗa tsayawa yake cak ba tare da ya durƙusa ba.

Watan Mayu shi ne watan wayar da kai kan babura a Amurka, to rukuninmu ya tara duk masu babur aka sake duba kowa kafin fita tare. An mayar da wani gida saboda doguwar sitiyarin nan da hannu ke wuce kafaɗa, jihohi da yawa sun ƙayyade tsawonta, wasu da kafaɗa suke aunawa wasu da inci daga kujera. Wani kuma hularshi irin 'yar kwanon nan ce ta ado da aka manna wa sitikar DOT, saje ya ɗaga ta da yatsa biyu ya nuna mana cikin, ba kaurin soso ko kaɗan, ya miƙa mishi ya ce ya je ya sayo hula.

7 ga Yuni

Ƙananan abubuwa aka yi wannan karon. Hon mai ƙarfi ya hau ta rile da fiyus ɗinshi daban don kar ya ƙona makunnin. Ƙwan fitilar gaba H4 na bar shi irin na da amma sabo, na saita tsayinshi a bango, don LED mai arha a cikin gilashin da ba a yi don shi ba watsa haske yake ya kashe wa mai gadin get ido, kuma mu ba mu da damar kashe fitila kamar masu mota in sun iso da dare. Na sa robobin kare inji a gefe biyu saboda kwas na gaba akwai kwana matsattsu a hankali, can ne ake yawan kayar da babur.

Kyamara na so in ɗaura saboda shaida in wani abu ya faru a titi, amma ɗaukar hoton get da wuraren tsaro haramun ne ba tare da izini ba, to na sa ta a sitiyari inda zan kashe ta in rufe idonta tun kafin in kawo layi, ba a jikin hula ba. Na'urar gano radar 'yan sanda kuwa an hana ta a duk barikokin ma'aikatar tsaro, iyafis a kunne ma maki 3 ne, ni toshen kunne na soso kawai nake sawa saboda iska.

Abin da ya rage shi ne shokazoban baya, tunda gaba ya gyaru yanzu ne nake jin yadda bayan ke ta lilo a kan gargada, ina neman wanda zai shiga ba sai na taɓa akwatin batir ba. Sai duba bawul, littafi ya ce duk mil 14,500 kuma mai shi na baya bai ba ni wata takarda da ta nuna an taɓa yi ba, na riga na kama waje a gareji Asabar mai zuwa, in buɗe da safe injin na sanyi. Sunana kuma ya shiga jerin kwas na biyu na watan Yuli.